Malamar Asibitin Zango: Tunawa da Nas, Matar Gida da Kaka



A zangunan birnin Akra na ƙasar Gana, birnin da kakanninmu fatake suka fi sani da suna Ankara, akwai wani rukunin mata da ke barin duniya ɗaya bayan ɗaya ba tare da an rubuta tarihinsu ba. Su ne 'yan matan Zango da suka shiga aikin jinya da ungozomanci a shekarun 1960 da 1970, lokacin da ganin 'yar Musulmi cikin kayan asibiti abin mamaki ne a unguwa. Wadda ta shiga makarantar jinya tana da shekara 20 a 1965, in Allah Ya bar ta da rai, yau ta kai 80. Idan ɗayarsu ta rasu, a kan sanar a masallatai, a yi mata salla, a kai ta makwancinta, a taru wajen addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, mai wa'azi ya ce mutuniyar kirki ce, sannan kowa ya kama gabansa. Da yawa daga cikin samarin da suka ɗauki makararta ba su san cewa hannunta ne ya fara taɓa su ranar da suka zo duniya ba.

Wannan maƙala tunawa ce da waɗannan mata baki ɗayansu. Ba za mu ware sunan ɗaya ba, domin kusan kowace unguwa, daga Tudu zuwa Sabon Zango, daga Nima zuwa Maamobi, tana da tata. Wasu na kiranta Anti Nas, wasu Malamar Asibiti, da girma ya kama ta kuma aka koma kiranta Hajiya ko Mma. Babban aikin da ta yi mana shi ne sulhunta gidan Zango da asibiti, wurare biyu da suka daɗe suna kallon juna daga nesa.

Zango da asibiti kafin zuwanta

Zangunan Akra sun samo asali ne daga fatauci, musamman cinikin goro da na shanu, da kuma aikin soja da na ɗan sanda a zamanin Turawa. Tsofaffin unguwannin Musulmi suna tsakiyar gari, wajen Tudu da kewayen kasuwar Makola. A farkon ƙarni na 20 Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango, a farkon shekarun 1930 kuma Malam Amadu Futa, Bafillace mai cinikin shanu, ya sami filin da ya zama Nima. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Nima da Maamobi suka cika maƙil da Hausawa, Zabarmawa, Fulani, Mosawa, Kotokoli, Dagomba, Wangarawa da Yarabawa, harshen Hausa kuwa shi ya zama igiyar da ta ɗaure su.

A ɗaya gefen kuma asibitoci na ta ƙaruwa. Gwamna Gordon Guggisberg ya buɗe asibitin Korle Bu ranar 9 ga Oktoba, 1923. A 1926 aka kafa asibitin yara na Princess Marie Louise, a 1928 aka buɗe sashen haihuwa na Korle Bu tare da koyar da ungozomomi, a 1941 kuma aka kafa Asibitin Sojoji na 37, wanda tafiyar ƙafa ce kawai daga Nima da Maamobi. Duk da wannan kusanci, matar Zango ba ta ɗauki asibiti wurin zuwanta ba. Da Turanci ko Ga ko Twi ake magana a can, namiji na iya duba ta, ba ta san abin da za a ba ta ta ci ba, ga tsoron abin da za a yi da gawa in ajali ya zo. Don haka sai ciwo ya gagari ungozomar gida da wanzami da mai magani ake tunanin asibiti. Sau da yawa a lokacin an riga an makara, mutuwar da ta biyo baya kuma sai ta ƙara tabbatar wa mutane cewa asibiti wurin mutuwa ne.

Yadda ta sami shiga

Hasali ma, ba a Zango kaɗai aka yi ɗari-ɗari da wannan aiki ba. Ma'aikatan jinya na farko 'yan ƙasa galibinsu maza ne, domin iyaye a ko'ina ba su yarda 'ya mace ta yi jinyar wanda ba danginta ba. Sannu a hankali abin ya canja. An kafa dokar ungozomomi a 1931, an buɗe kwalejin horar da manyan ma'aikatan jinya a Kumasi a 1945, aka mayar da ita Akra a 1948. Bayan samun 'yancin kai a 1957, Docia Kisseih, wadda ta koyi aikin a Korle Bu, ta jagoranci kafa ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasa a 1960, a 1961 kuma ta zama 'yar Gana ta farko da ta riƙe shugabancin aikin jinya na ƙasar. A wannan zamani ne aka fara horar da nas-nas masu bin unguwanni da ƙauyuka domin rigakafi da kula da mata da yara.

Ga 'yar Zango, kafin ƙofar makarantar jinya akwai wasu ƙofofi. Yawancin makarantun boko na mishan ne, iyaye na tsoron a raba 'yarsu da addininta. Yarinya kan yi makarantar allo da safe, ta ɗauki tallar koko da ƙosai ko ta waina, da ta kai munzali a yi mata aure. Wadda ta tsallake duk wannan ta gama makarantar midil, sai ga sharaɗin kwana a ɗakin ɗalibai nesa da idon iyaye, ga gajeriyar riga da ɗan kwalin da ba ya rufe kai. Bayan kowace yarinya da ta wuce waɗannan matakai akwai wani uba ko wata uwa da suka toshe kunne daga surutun maƙwabta. Su ma suna cikin waɗanda muke tunawa.

Alhali kuwa wannan aiki ba baƙo ba ne a tarihin Musulmi. Littattafan sira sun ba da labarin Rufaida, Ba'aslamiya, wadda take da tanti a masallacin Madina inda take jinyar waɗanda suka ji rauni. Da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya a yaƙin Handaƙ, a shekara ta 5 bayan Hijira, tantinta aka kai shi bisa umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Gadon Rufaida 'yar Zango ta ɗauka, ko da masu zaginta a lokacin ba su gane haka ba.

A bakin aiki

Abu na farko da ta kawo asibiti shi ne harshe. Mai naƙuda da ta shiga ɗakin haihuwa a Korle Bu ko asibitin Maamobi, ta ji an ce mata "Sannu, 'yar'uwa, kwantar da hankalinki," rabin tsoronta ya tafi. Nas ɗin ta san abin da kunyar ɗan fari ke sa yarinya ta ɓoye, ta san cewa matar da ta ce ba komai tana iya kasancewa cikin zubar jini. Ita ke fassara wa likita abin da maras lafiya ke nufi, ita ke fassara wa maigida abin da likita ke nufi, har ya yarda ya sa hannu a yi tiyata ko ya ba da jini.

Abu na biyu, ta san al'adunmu daga ciki, ta san wadda za a bari da wadda za a gyara. Alal misali, a asibitin Princess Marie Louise ne likita Cicely Williams ta yi bayanin wata cutar tamowa a 1933, wadda ta shiga littattafan likitocin duniya a 1935 da sunanta na harshen Ga, kwashiyoko, ma'ana ciwon da yaro kan kamu da shi idan aka yi masa ƙane. Malamar Zango ba ta buƙatar dogon turanci wajen bayyana wannan. Ta kan ce wa uwa kwanika ce, an yaye yaro da wuri an bar shi da koko tsura, a ƙara masa wake da gyaɗa da kifi da ƙwai. Kowace tsohuwa ta san kwanika, don haka maganar ta kan shiga.

Haka ta yi da dakashi, nonon farko da ake matsewa a zubar saboda ana zaton ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Haka ta yi da cibiya, wadda yanke ta da tsohuwar reza ko shafa mata abin da ba shi da tsabta ke jawo ciwon sandarewa da kan kashe jinjiri cikin makon suna ko bayansa kaɗan. Haka kuma ta yi da jego. Binciken da likitoci suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da tsananin wankan ruwan zafi, kwanciya a gado mai wuta da yawan shan kunun kanwa. Nas ɗin ba ta ce wa tsofaffi su bar jego ba, domin ta san ba za su ji ba, kuma ta san akwai alheri a cikin hutu da kulawar da mai jego ke samu. Ta kan ce a sirka ruwan, a rage kanwa, in ƙafafu suka kumbura ko numfashi ya yi wuya a kawo ta asibiti a ranar.

Da aka fara shirin rigakafin yara na ƙasa a 1978, kan tarin fuka, mashaƙo, tarin shiƙa, ciwon sandarewa, shan inna da ƙyanda, ita ce ta bi lungu-lungu da akwatin sanyi a hannu, ta rataya sikelin awon yara a ƙarƙashin bishiya ko a farfajiyar gidan sarkin Zango. Da cutar ƙanjamau ta ɓulla a Gana a 1986, ita ce ta zauna da wanzamai kan batun aska ɗaya ga yaro ɗaya. A 2003, da jita-jita ta tsayar da allurar shan inna a Kano har cutar ta sake tsallakawa ƙasashen maƙwabta ciki har da Gana, maganar ta iso Zango ta bakin 'yan'uwa da matafiya. Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a lokacin ita ce ganin nas ɗin unguwa ta ɗiga wa jikanta maganin a gaban kowa.

Ba a manta da kwalara ba, wato amai da gudawa, wadda ta fara shigowa Gana a 1970 ta kuma sha dawowa, har annobar 2014 da ta kama fiye da mutum dubu 28, mafi yawansu a Akra. Unguwannin da ke da cunkoso, ƙarancin ruwan famfo, bayan gida na haya da babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, su ne kan gaba wajen shan wahala. Darasin da ta koya wa iyaye mata ya ceci rayuka masu yawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba maras lafiya kurɓi-kurɓi ana kan hanyar asibiti.

Sakamakon irin wannan aiki, nata da na abokan aikinta a duk faɗin ƙasa, yana cikin ƙididdiga. Binciken lafiyar al'umma na 1988 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Gana, 155 ba sa kai shekara biyar. Binciken 2022 ya sami 40. A 2011 aka tabbatar da cewa Gana ta shawo kan ciwon sandarewa na mata masu haihuwa da jarirai, a watan Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka a matsayin nahiyar da ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Shekarun ƙunci

Duk wannan ta yi shi ne a zamanin da ba shi da sauƙi. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, gidajen Zango da dama suka rabu biyu, wasu suka nufi Nijeriya da Nijar, wasu suka zauna. A 1983 fari da gobarar daji suka haɗu da dawowar kimanin 'yan Gana miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya, abinci ya yi wuya, magani da auduga da safar hannu suka yi ƙaranci a asibitoci, albashi ya zama ba ya kai mako. Daga 1985 aka tsaurara biyan kuɗin asibiti, har aka kai ga tsarin nan na sai ka biya a duba ka, wanda bai fara sassautawa ba sai bayan dokar inshorar lafiya ta 2003 da kuma kula da masu ciki kyauta daga watan Yulin 2008. A tsakanin nan, kuɗin adashinta sun sha tafiya wajen sayen ruwan ƙari ko fanso jaririn wata maƙwabciya da aka hana sallama.

Gaskiya ɗaya ce, ba kowa ne ya fito daga hannunta yana yabo ba. Akwai matan da har yau ke tuna tsawar da aka daka musu a ɗakin haihuwa, kuma kukansu yana da tushe. Sai dai adalci ya sa mu tuna cewa mace ɗaya ce a kan gadaje masu yawa cikin dare, wani lokaci da fitilar ƙwai, tana sane da cewa jinkirin mintoci kaɗan na iya zama ajalin uwa ko ɗa. Wanda ke da ƙorafi a kanta, muna roƙonsa ya yafe mata.

Matar gida

Idan ta cire koriyar rigar jinya ko ruwan ƙasar ta ungozoma, wani aikin ne ke jiranta. Ga girki, ga wanki, ga haƙƙin miji, ga surukai da baƙi daga arewa. A watan azumi ta kan tanadi abincin sahur tun kafin ta fita aikin dare, ta sha ruwa a tsaye tsakanin gado da gado. Bukukuwa nawa suka wuce ta, yayi nawa ta saya ba ta sami damar ɗaurawa ranar taron ba, sallar idi nawa ta yi a bakin aiki.

A nan wajibi ne a yaba wa mazajen da suka tsaya musu. A zamanin da fitar matar aure da dare abin magana ne a majalisa, akwai mazan da suka riƙa raka matansu bakin titi su hau motar haya, su dawo su kwana da yara. Akwai uwar miji da ta goya jikoki, akwai abokiyar zama da ta karɓi girkin da ba nata ba. Ba da sunayensu aka rubuta takardar shaidar aiki ba, amma da su aka yi aikin.

Gidanta kuwa asibiti ne na biyu da ba ya rufewa. Tsakar dare a kan buga ƙofa: yaro na sanƙarewa, naƙuda ta tashi, tsoho ya faɗi a bayan gida. Ta kan yafa mayafi ta fito, in na gida ne ta yi, in ya fi ƙarfin gida ta tsayar da mota ta raka su. Ladanta a kan zama ƙwaryar fura, ƙoshin tuwo ko addu'a, sau da yawa kuma ba komai.

Kaka

A shekara 60 gwamnati kan sallame ta, amma unguwa ba ta taɓa sallamarta ba. Ita ke wankan jarirai, ita ke duba katin awo ta tuna wa matan 'ya'yanta ranar allura, ita ke auna hawan jinin tsofaffin layi. Idan azumi ya gabato ta kan tura masu ciwon sukari su ga likita su kuma tambayi malami kafin su ɗauka, idan lokacin aikin Hajji ya zo ta kan shirya wa maniyyata magungunansu. Da yawansu a wannan lokaci ne suka sami sukunin komawa makarantar Islamiyya ta matan aure, suna zaune da allo ko littafi a cikin matan da su suka karɓi haihuwarsu. Idan mace ta rasu, tana cikin masu yi mata wanka, domin hannun da ya saba da jikin ɗan Adam ya san yadda ake rufa masa asiri.

Jikokinta mata sun tashi suna ganin cewa mace na iya riƙe addininta da aurenta da aikinta. Yau 'yar Zango cikin hijabi a makarantar jinya, ko ta likitanci, ko ta haɗa magunguna, ba abin juyowa a kalla ba ce. Hanyar da suke bi a sauƙaƙe, da ƙaya kakarsu ta same ta.

Abin da ya rage a wuyanmu

Tunawa da baki kaɗai ba ta biyan wannan bashi. Da farko, waɗanda ke raye suna da haƙƙi a kanmu. Kuɗin fansho ba sa isar mai ciwon gwiwa da hawan jini da raunin ido, kuma abin kunya ne a ce wadda ta yi jinyar unguwa guda ta rasa mai kai ta asibiti. Ƙungiyoyin masallatai da na mata su san inda suke, su riƙa ziyartarsu, su tabbatar katin inshorarsu bai mutu ba.

Na biyu, a rubuta tarihinsu tun suna iya ba da shi. Kowane gida yau akwai wayar da ke ɗaukar murya. Jika ya zauna gaban kakarsa ya tambaye ta shekarar da ta shiga makaranta, wa ya tsaya mata, a waɗanne asibitoci ta yi aiki, wane dare ne ba za ta manta ba. A adana hotunanta da takardunta, kada a bar su ga gara da ruwan damina.

Na uku, a cike gurbinsu. Gana na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, tare da Nijeriya da Nijar, ga kuma ƙwararrun nas-nas na ta tafiya Ingila da Amurka da Kanada neman abin rufin asiri. Ba ma zargin wanda ya tafi, domin kowa ya san nauyin da ke kansa. Amma in masu hali a cikinmu za su ɗauki nauyin karatun yarinya ɗaya a makarantar jinya ko ta ungozoma da sunan wata marigayiya, to wannan sadaka ce mai gudana, ladanta zai riƙa isa kabarinta duk ranar da aka karɓi haihuwa lafiya. Samari masu neman aure kuma su sani cewa aikin dare na mai jinya ba aibi ba ne.

Mai karatu a Kumasi ko Lome, Abijan ko Maraɗi, Damagaram ko Kano, zai ga cewa wannan labari na unguwarsa ne shi ma, sunayen lunguna ne kawai suka bambanta. Ya duba gidansu, ya tambayi mahaifiyarsa wace ce ta karɓi haihuwarsa, in tana raye ya je ya gaishe ta, in ta riga mu gidan gaskiya ya sa ta cikin addu'arsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu daga cikinsu, Ya haskaka makwancinsu, Ya sa wahalar da suka sha ta zama kaffara. Waɗanda ke raye Allah Ya ƙara musu lafiya, Ya sa su gama da duniya lafiya, Ya albarkaci zuriyarsu. Amin.